Kauɗa a Kakar Tumatir

Shekara biyu da wani abu Baba bai ambaci sunan ƙanena ba. In zance ya biyo ta kansa sai ya ce "wancan," ya ci gaba da abin da yake yi. Laifin ƙanen nawa guda ne: ya bar gona ya tafi birnin Kano ya zama mai girki. Da tireda ya buɗe ko tuƙin mota ya koya, da Baba ya haƙura. Amma namiji da gemunsa ya ɗaura ƙyalle a ƙugu yana juya tukunya, a gidan abincin da ake dafa cimar mutanen Italiya, wannan kam Baba ya ce ba da yawunsa ba. Ko da Sallah in ƙanena ya zo gaisuwa, Baba yakan amsa sallamar don hakki ne, sannan ya saɓa fartanya ya nufi bakin ruwa, alhali kowa ya san ba a aiki ranar.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke bi ta magudanai har cikin gonaki. Baba manomin tumatir ne tun kafin a haife ni, kuma mutum ne mai taurin kai. Ni na gado shi, don haka ba gulmarsa nake yi ba. Ni ce babba, ina koyarwa a birni, kuma abin nan ya dame ni ƙwarai. Inna ta rame a tsaye. Baba kuma ga hawan jini, ga shekaru, sai na riƙa jin tsoron kada ta Allah ta kasance suna cikin wannan hali.

Sai muka ƙulla dabara mu uku, ni da Inna da ƙanen nawa. Ranar da zan kai Baba asibiti a auna jininsa, in mun fito zan ce yunwa nake ji, mu tsaya mu ci abinci. Zan kai shi inda ƙanena ke aiki ba tare da na faɗa masa ba. Ya ci, ya ji daɗi, ya yaba, sannan in ce masa, "Baba, ka san wanda ya dafa?" A lissafina, mutum ba zai yabi tuwo ya zagi mai tuƙa shi ba a zama ɗaya. Na ja wa ƙanena kunne a waya har sau uku: kada ya leƙo, kada ya yi wata bajinta, ya dafa abin da tsoho zai iya taunawa kawai.

Muka isa bayan azahar. Gidan abincin na wani ɗan Labanan ne, can cikin unguwar masu hali, da bishiyoyi a harabarsa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda zai cire takalmi, na ce a nan ba a cirewa. Sanyin na'ura ya buge shi, ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "Su kuma waɗannan sanyi suke saye da gangan?" Muka zauna. Ya dubi cokula da wuƙaƙen da aka jera masa, ya tattara su gefe guda kamar kayan wanzami, ya ce a kawo masa ruwan wanke hannu.

Da farko komai ya tafi daidai. Mai kawo abinci, wata mata mai fara'a da Hausarta ta mutanen Jos, ta ajiye mana burodi mai ɗumi da man zaitun a ɗan faranti. Baba ya san man zaitun, amma a wurinsa magani ne, na shafawa da na tofi. Ya tambaye ni ko wani ne ba shi da lafiya. Na ce a dangwala ake yi a ci. Ya dangwala, ya tauna, ya ce ba laifi, ko da yake man gyaɗa ya fi shi ƙamshi. A bakin Baba, "ba laifi" babban yabo ne. Na fara sakin jiki.

Sai ga taliya ta iso. Faranti mai faɗi, tana ta tururi, ga tafarnuwa, ga cuku an barbaɗa, ga wani ɗanyen ganye a sama. Baba ya ɗauki ganyen ya shinshina, ya yi dariya. "Ɗoɗɗoya ce fa. Wadda awaki ke tsallakewa a bakin magudana." Ni ma na yi dariya, har na kai hannu ga cokali. A nan na ga abin da ke cikin taliyar. Wasu baƙaƙen jajayen yankuna ne a yamutse, suna ƙyalli da mai. Kauɗa.

Wanda ba ɗan wajenmu ba ba zai gane ba. Kauɗa busasshen tumatir ce, wanda ake yankawa a shanya in kasuwa ta cika ta batse, a ajiye don damina, lokacin da ɗanye ya yi wuya. Abincin maneji ce. A damina ba wanda zai ga laifinka. Amma lokacin nan tsakiyar kakar tumatir muke, da safen nan muka wuce kwanduna jere a bakin titi har ido ya gaji, jajaye kamar garwashi. A irin wannan lokaci, in ka sa wa baƙo kauɗa a miya, ka gaya masa matsayinsa ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Ko maƙiyinka ba ka yi masa haka, balle manomin tumatir.

Baba ya janye hannunsa. Fuskar nan ta haɗe.

"Mene ne wannan?"

"Baba, su a wurinsu abin marmari ne. Har ya fi ɗanye daraja."

"Kauɗar?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Sun ga tsoho da rigar ƙauye, shi ne suka kwaso min ta bara. A kira min mai girkin."

Na ce ya bari, zan sa a canza. Ya ce ba canji yake nema ba, mai girkin yake nema. Matar nan ta matso tana ba da haƙuri, tana cewa, "Baba, wallahi ba raini ba ne, haka ake yin sa." Ya ce mata, "'Yata, ke ba ruwanki, ba ke kika dafa ba. Je ki kira shi." Ta juya ta tafi. Ni kuwa a zuciyata ina ta surfa wa ƙanena masifa. Sau uku na ce kada ya yi bajinta! Shekara biyu a birni har ya manta abin da kauɗa take nufi a gidan ubansa. Da yana kusa da sai na maka masa farantin.

Kafin mai girkin ya fito, Baba ya ce bari ya nuna min. "Kauɗar kasuwa ce, a gefen titi ake shanya ta, motoci na watsa mata ƙasa. Yanzu za ki ji yashi na ƙara a haƙorina." Ya sa yatsu biyu ya ɗauki yanki ɗaya ya jefa a baki. Ya tauna. Ya sake taunawa a hankali, yana karkata kai yana jira. Shiru, ba yashi.

Ya ɗauki wani yankin, wannan karon bai ci ba. Ya shimfiɗa shi a gefen faranti, ya buɗe shi da farce. Kowa a wajenmu a kwance yake yanka tumatirin kauɗa, da sauri, a zube a ƙasa. Baba kaɗai ke tsaga shi a tsaye, ya ƙwaƙule gurbin kara da bakin wuƙa, ya shanya a kan zana bisa rumfa. Maƙwabta sun sha yi masa dariya, wai yana yi wa kauɗa hidimar amarya. Ga gurbin nan a jikin yankin, ɗan tsagi mai kusurwa uku. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Duk haka.

"Wannan wuƙata ce," ya ce, ba da ni yake ba.

Sai na tuna buhun kauɗar da Inna ta ce ɓeraye sun yi wa ɓarna a rumbu. Ashe ɓeran a mota ya tafi birni.

Ƙanena ya fito da farar riga da doguwar hula, yana goge hannu. Da ya iso sai ya cire hular, ya durƙusa a gaban mutane, a tsakiyar gidan abincin, ya ce, "Baba, barka da rana." Masu cin abinci a teburin kusa suka daina magana. Ni dai na ƙura wa farantina ido. In Baba ya tashi ya fita yanzu, na san shi ke nan, kuma ni na jawo.

Baba ya dube shi.

"Kai ka dafa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da kauɗata."

"Da ita. Mai gidan nan da can yana sayo tasu daga waje, cikin kwalba. Na kawo masa taka ya ɗanɗana, tun ranar bai sake sayo waccan ba. Akwai masu zuwa musamman don ita. Na ga ka zo, shi ne na ce bari ka ci abinka."

"A kakar tumatir."

Sai a lokacin ƙanena ya gane abin da ya aikata, na ga kunya ta rufe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi kuskure, Baba. Wallahi ban kawo wannan a raina ba."

Baba ya jawo farantin gabansa. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismillah, ya damƙi taliyar da hannu yadda ake cin ta a gida. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, ƙanena na durƙushe. A ta uku ya ce, "Ka jiƙa ta ta wuce kima. Tawa ba ta son dogon jiƙo, ba ta da dattin da za a wanke." Sannan ya kira sunansa. Sunan nan da ban ji a bakinsa ba shekara biyu, ya faɗe shi kamar jiya ya bari. "Tashi, mutane na kallo. Jibi zan fara yankan ta bana. Ka zo ka riƙe wuƙa da hannunka, ka daina sa uwarka tana yi wa ɓeraye ƙarya."

Wata ajiyar zuciya ta ƙwace min, har matar nan ta juyo. Hawaye suka zubo, ban ma damu da gogewa ba, daɗi ne ya yi min yawa. Ƙanena ya koma ciki yana share fuska da hularsa. Na ɗauki waya zan kira Inna, Baba ya ce in ajiye, shi zai gaya mata da bakinsa, yana da magana da ita a kan buhu. Ya share farantin tas, ya suɗe yatsu, ya kuma miƙo hannu ya tsince kauɗar da ke cikin nawa.