Wasiƙu Bakwai a Cikin Tasa

Ranar wata Alhamis ce da aka ba mu hutun makaranta, mako guda bayan sadakar arba'in ɗin mahaifina, lokacin ina aji biyar na firamare a Yammedi. Mutanen gidan sun tafi gona cirar gyaɗa tun da sassafe, sai ni da kakata Inna, wadda ta haifi babana, da awaki biyu a turke. Ina tsugune a bayan rumbu, gabana tasa cike da ruwa mai ɗumi, a cinyata ambulan bakwai da na ɗauko daga adakar Inna ba tare da na tambaye ta ba. Kowace ambulan tana da kan sarki na ƙasar Sudan, da hoton mutum a kan raƙumi.

Tun da aka binne Baba ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kawai ban ji komai ba. Ina cin tuwo, ina zuwa rafi da sauran yara, ina share turken awaki, ina amsa gaisuwar masu ta'aziyya da kalmomin da aka koya mini, amma kamar wani ne yake yi ni kuma ina kallonsa. A makaranta idan an fita tara, yara su yi ta langa da ƙwallon tsumma a gindin darbejiya, ni kuwa in zauna a aji in yi ta gyara layukan littafina da rula.

A nan ne malamin ajinmu, Malam Sabi'u, wani dogo ɗan Rogo mai zuwa a kan keke, ya same ni. Bai yi mini nasiha ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani tsohon littafi, kowane shafi cike da kan sarki a jere: tsuntsaye, gadoji, masu noman koko, jiragen ƙasa. Ya nuna mini yadda ake yi. A yanke kusurwar ambulan da almakashi, a sa a ruwa mai ɗumi har kan sarkin ya saki da kansa, a ɗauke shi da matsefata, a shanya a inuwa, sannan a danne a cikin littafi mai nauyi. Ya ce, "Kada ka ja shi, kada ka karya masa haƙorin gefensa. Wanda haƙorinsa ya karye ya zama takarda." Ya ba ni guda uku in fara da su.

Wannan ne abu na farko da na so tun bayan rasuwar. Na sami littafin rubutu mai shafi arba'in na ja masa gidaje da fensir, kowane gida daidai da ɗan'uwansa. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Garba, yana aikin rubutu a ofishin hakimi a Karaye, shi ya riƙa kawo mini tsofaffin ambulan da za a ƙone, yana yi mini tsiya wai na zama shugaban gidan waya na Yammedi. Cikin wata guda na tara goma sha ɗaya, duk na Najeriya. Na ware shafi na ƙarshe na rubuta a samansa "Ƙasashen Waje", shafin kuma ya zauna fari fat.

Ran nan Inna ta aike ni in ɗauko mata turare a adakarta, sai na ga ambulan ɗin nan a ƙarƙashin zannuwa, ɗaure da zaren saƙa. Na san ko mene ne su. Kafin ya yi aure Baba ya yi shekara uku yana karatu a Sudan, daga can yake rubuto mata. Inna ba ta karanta boko, ajami take karantawa, shi ya sa yake rubuta mata da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro, irin wadda muke rubutu da ita a allo. Baba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye ko bayan ya rasu. "Wancan" take ce masa. Ranar jana'iza ma ita ce take ba wasu haƙuri. Amma duk Juma'a bayan ta yi wanka nakan ga ta ja labulen ɗakinta ta daɗe a gaban adakar. Ba ta da hotonsa, wasiƙun nan ne kawai.

Ban yi niyyar ɓata komai ba, har na yi tunani sosai. Idan na yanke kusurwa da almakashi za ta gani, kuma na lalata ambulan ɗin. Idan na zare wasiƙun daga ciki, na buɗe takardar babba, abin da aka hane mu tun muna ƙanana, balle maganar da ke tsakanin uwa da ɗanta. Sai na ga dabara: in jingina su a jikin tasar, kusurwa mai kan sarki kaɗai ta taɓa ruwa, in ya saki in ɗauke, in shanya ambulan ɗin in mayar kafin la'asar. Na jera su tsaf, na tokare da tsinke.

Sai Inna ta ƙwala mini kira daga tsakar gida. Ango take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Ango! Akuyar nan ta tsinke, ga ta can za ta shiga dawar mutane. Kai wane irin miji ne, ko akuya ba ka iya tsarewa?" Na bi akuyar har bakin gonar maƙwabta, ta yi ta zillewa, da ƙyar na kama igiyar.

Da na dawo, tsinken ya faɗi. Duk bakwai ɗin sun zame sun kwanta a gindin tasar, ruwan ya koma baƙi kamar wankin allo. Kan sarkin sun saki da kansu, kamar yadda Malam Sabi'u ya ce, suna yawo a sama, babu wanda haƙorinsa ya karye. Na ciro ambulan ɗaya, a karo na farko na buɗe. Takardar ciki ta yi toka-toka, babu harafi ko ɗaya. Na buɗe ta biyu, haka. Ban gudu ba, ban ɓoye ba. Na zauna a ƙasa ina kallon ruwan.

Haka Inna ta zo ta same ni, da buta a hannunta. Ta dubi zaren saƙar a ƙasa, ta dubi tasar. Na jira mari ko salati, babu wanda ya zo. Ta ajiye butar ta durƙusa a hankali saboda gwiwarta, ta ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya tana duba su a hasken rana, tana matse ruwansu a cikin tasar. Sannan ta sa ɗan yatsa ta tsamo kan sarkin ta jera mini a tafin hannu. Ta ce, "Riƙe raƙumanka."

Na miƙa ɗaya hannun zan ɗauki tasar in zubar, ta riƙe ni. "Ina za ka kai? Wancan ba ya fara takarda sai da bisimilla. Ba a zubar da sunan Allah a ƙasa." Ta ɗaga tasar ta yi bisimilla ta sha, ta huta, ta ƙara sha. Ta rage kaɗan ta miƙo mini. "Shanye, Ango. Kai ma naka ne." Na shanye. Yana da ɗanɗanon hayaƙi da ƙaro. Ta shanya fararen takardun a kan danga, da yamma ta ɗaure su da zarensu ta mayar adaka. Ba ta faɗa wa kowa ba, kuma ba ta daina jan labule ranar Juma'a ba.

Yanzu ina jami'a a Kano. Littafina ya zama uku, akwai kan sarkin ƙasashe da yawa a ciki, galibi na saya ne ko na yi musaya, don babu mai aiko wa kowa wasiƙa. Saƙo yana shigowa waya sau ɗari a rana, in wayar ta cika a goge. Raƙuman nan bakwai suna nan a shafin ƙarshe na littafin farko, cikin gidajen da na ja musu da fensir. Shekara guda kafin Inna ta rasu na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da Baba yake rubuta mata. Tana ɓare gyaɗa ta ce, "Gaisuwa ce." Iyakar abin da na sani ke nan.