Maama Teo, Kunnen Siton Namuwongo

Duk ranar Lahadi, da an taso daga coci, Teopista Namagembe ba ta zarcewa gida. Takan bi ta gefen titin jirgi da kayanta na ibada, ta buɗe tsohon siton kofi da ke bayan kasuwar Namuwongo a birnin Kampala, ta tuɓe takalmi, ta ɗau tsintsiya. Sai ta share, ta jera bencina, ta ɗora shayi mai citta, sannan ta zauna gaban na'urar daidaita sauti tana warware wayoyi kamar mai tsefe kan jikarta. Kafin rana ta karkata mun fara shigowa.

Mu ɗin ma wasu irin mutane ne. Akwai mai kiɗa da tsofaffin ƙarafan babur. Akwai Nabbosa, wadda ke naɗar kukan kwaɗin fadama ta haɗa shi da ganga. Ga ni nan da zane-zanena na toka da baƙin mai, waɗanda ko matata ba ta yarda in rataya a falo. Manyan gidajen wasa na Kampala ba su san da zamanmu ba. Maama Teo ce ta ba mu bango da lasifika. A gidan rediyo ta ƙare ƙuruciyarta, tana bayan gilashi tana gyara muryar wasu, tata ba a taɓa ji ba. Da ta yi ritaya sai ta kwaso kunnenta ta kawo mana.

Ba ta yi mana daɗin baki. Na taɓa tambayarta ko tana jin daɗin abin da muke yi. Ta ce, "Ssebo," wato malam, "rabinsa kamar ana yanka akuya a cikin garwa. Amma mai akuyar tun daga unguwar Bwaise ya taho, ai sai a saurare shi."

Wanda ya ga ranar Ocaya ya san abin da nake nufi. Ocaya Lakony maigadi ne a wani gidan mai, dogo, marar magana, mutumin Kitgum, can arewacin ƙasar. Ya daɗe yana zama a bencin baya bai taɓa cewa uffan ba. Rannan ya zo da adungu, molon garinsu mai tsirkiya da yawa, da wani kaset a naɗe cikin ƙyalle. Muryar mahaifiyarsa ce a ciki tana waƙar niƙa. Wani ne ya naɗa a sansanin gudun hijira lokacin yaƙi, kafin ta rasu. Ba shi da hotonta ko ɗaya. So yake ya saki muryar, shi kuma ya raka ta da adungu.

Maama Teo ta jujjuya kaset ɗin ta ce, "Ɗana, wannan ya tsufa. Bar mini shi in lallaɓa shi, ka yi wasanka wani makon."

Ya ce, "An mayar da ni aiki garin Jinja, Maama. Gobe zan tafi."

Ta ce, "To, bismillar kowa da irin tasa. Hau dandali."

Da farko shuuu kawai ake ji, sai gurzar dutsen niƙa. Wani daga baya ya ce, "Kai, kiɗan ke nan ko ruwa ake yi?" Aka kwashe da dariya. Sai muryar ta fito, siririya, tana jan numfashi tsakanin baiti da baiti, dariyar ta mutu. Ocaya ya rufe ido ya sa yatsu a tsirkiya. Ba a yi nisa ba muryar ta lanƙwashe, ta yi gurnani, ta tsaya. Rakoda ta tauna zaren.

Ocaya ya zabura zai fizgo shi. Ta buge masa hannu. "Kul! Koma ka zauna. Uwarka ce, amma aikina ne."

Makirufon da ke kusa da ita a buɗe yake. Muka zauna muna jin komai ta lasifika: juyin sukudireba, numfashinta, ƙas-ƙas ɗin zaren tana zaro shi da fil ɗin ɗankwalinta. Jirgin kaya ya wuce ya girgiza kwanon rufi. Ba wanda ya motsa. Mai gasa ayaba a bakin ƙofa ta bar kayanta kan wuta ta shigo ta tsaya.

Can Maama ta ɗago kai. "Ɗana, wajen taƙi guda ya lalace, ba ya gyaruwa. Sai na yanke. Abin da ta faɗa a nan ya tafi ke nan. Ka yarda?"

Ya dubi zaren ya ce, "Yanke, Maama."

Ta sa reza. Amma ba ta haɗe bakin biyu ba. Ta ɓalle wani sabon kaset, ta auno zaren da ba a naɗi komai a kansa ba, daidai tsawon wanda ta cire, ta liƙa a gurbin. Aka sake kunnawa daga farko. Tsohuwar ta rera har ta iso wurin, sai ɗif. A cikin wannan shirun Ocaya ya buɗe baki, da muryarsa mai kaushi, ya rera baitin da ya ɓata. Yana rufe baki uwarsa ta karɓa ta ci gaba, kamar da ma jiransa take yi. Mutumin da ya yi ba'ar nan na gan shi yana share ido da hularsa.

Daga baya na tambaye ta me ya sa ta bar gurbin. Ta ce, "In na haɗe, kamar ba a rasa komai ba ke nan. An rasa kuwa."

Yanzu kunnenta na hagu ya mutu, na dama ma ya fara ja da baya. Ita da kanta ta gane, kafin kowa ya faɗa mata, ta ce ba za ta riƙa lalata wa mutane aiki ba. Ƙarshen watan nan Nabbosa za ta karɓi na'urar.

Maama Teo, ke ce kika saurare mu tun ba mu iya ba, kika ba mu wurin da za mu yi kuskure a gaban mutane ba tare da an kore mu ba. Ke ce rumfa sha shirgi. Sunanki bai taɓa hawa takardar sanarwa ba, amma duk wanda ya fita daga sitonki ya yi suna, ta hannunki aka fara jin sa. Mun gode, Allah Ya saka miki.

Ku kuma masu gareji a kulle da ɗakin da ba kowa, ku buɗe. Ba sai kun fahimci kiɗan ba, ita ma ba duka ta fahimta ba. Na tambaye ta ko za ta daina zuwa. Ta harare ni ta ce, "Wa ya gaya maka? Ku ajiye mini kujera jikin lasifika. In kunne ya ƙi, zan ɗora tafin hannu."