Farin Zare a Wuyan Jaki

Ban yi boko ba, na allo ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Ɗiyata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, ita ce ke riƙe da biro tana rubuta abin da nake faɗi. Na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuma kuka ya tsayar da ni ta jira ni.

Malam, mijina, mai rubuta allunan shaguna ne. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi tare a ɗan gidanmu na Ƙofar Sauri. Da aka zo da injin da ke buga allo a kan leda cikin yini ɗaya, aiki ya ja baya, gwiwarsa kuma ta daina yarda da tsani. Sai ya dawo gida ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ya shiga zanen dabbobi.

Ba dabbobin dawa ba. Jaki ne tela, da hula da tabarau, kullum yana ce wa masu ɗinki su dawo jibi. Akuya ce ke tuyar ƙosai a ƙofar shagonsa, ba ta barin magana ta kwana a cikinta. Akwai zabuwa mai kitso, akwai tsohon raƙumi ɗan fansho da ke yini a shagon bai taɓa kawo ko yadi ɗaya ba. Malam yakan raba takarda gida-gida ya zana su a ciki, maganar kowa a rubuce cikin wani zagaye kamar ƙwai a saman kansa. Shi yake karanta mini, yana canza murya. Ranar da ya karanta mini ta akuya na ce ai wannan faɗan da na yi jiya da mai ruwa ne. Ya ce shi bai san zancen ba, akuya ce ta faɗa masa. Na ce to akuyar ta tuƙa masa tuwo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Littafi biyu ya fitar da kansa. Ya kai a yi masa hotokofi, ba launi, ya dawo mu jera shafuka a kan tabarma, ina ninkewa yana ɗinkewa da zare da basilla. Sannan ya ɗaure a bayan keke ya bi shagunan littattafai da ƙofofin makarantu. Wasu su karɓa, wasu su tambaye shi wa zai sayi jaki mai tabarau. Bai taɓa dawowa da fushi ba. Burinsa ɗaya ne, wata rana ya ga hular jakin nan da ja.

Akwai abin da bai taɓa sakaci da shi ba. Tun yana saurayi hankalinsa bai kwanta da zanen abu mai rai ba. Ya je ya tambayi malaminsa na zaure, malamin ya ce masa in har zai yi, to ya raba kai da gangar jiki, kada su haɗu. Tun daga ranar, kowace dabba ya zana sai ya bar ɗan fili fari a wuyanta, siriri kamar zaren ɗinki, daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda bai sani ba ba zai lura ba. In ya gama shafi ni yake miƙa wa, ya ce idona ya fi nasa, in duba masa wuya. Abin da na iya karantawa ke nan a littafinsa, kuma ban taɓa barin ɗaya ya wuce ni ba.

Na ukun yana cikin kwali, an gama zane an gama rubutu, ciwo ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi. Ya cika ranar Talata da hantsi, kansa a kan cinyata. Har yau in rana ta kai daidai nan sai in ji ƙafata ta yi nauyi.

Bayan sadakar bakwai, wansa Alhaji ya zo daga Kambarawa. Shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, ni kuma tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule, ɗiyata a tsakani. Ya ce a fito da duk takardun zanen nan a ƙone. Ba mugunta ba ce. Ya ce ƙanensa ya tafi inda ba ya iya kare kansa, shi kuma ba zai bar abin da zai zame masa nauyi a kabari yana yawo a hannun mutane ba.

Ban san inda na samo baki ba. Na ce a kai masa tsofaffin littattafan biyu, ya dubi wuyan kowace dabba. Ya sa tabarau ya daɗe yana buɗawa. Ya ce malamai sun saɓa a kan wannan, akwai masu cewa bai isa ba. Amma ya san malamin da ya ba da amsar, mutum ne mai tsoron Allah.

"In haka yake a kowane shafi, ba ni hanawa," in ji shi. "Amma in na ga ɗaya da kai haɗe da jiki, ni da hannuna zan ƙyasta ashana."

Na ce, "Yaya, na ɗauki alkawari."

Ɗiyata malamar makaranta ce. Ita ta ɗauki nauyin bugawa, ta ce da launi za a yi, yadda babanta ya so. Ta kai wa wani mai buga littattafai a Ƙofar Kwaya. Ni ina takaba, ba fita. Ban ce mata ta ja masa kunne a kan wuya ba, don na ɗauka inji abin da ya gani yake kwafa. Ita ma haka ta ɗauka. Da ya ba ta samfuri, rubutu ta bi harafi-harafi kada a ɓata wa babanta magana.

Wata uku da rasuwa aka sauke kwali huɗu a zaure. Na ciro ɗaya. Ga jaki da jar hula, ga akuya da zanen atamfa kore, har hayaƙin kaskonta an yi masa launi. Na rungume littafin na yi kuka mai isata. Da na share hawaye, ido ya tafi inda ya saba. Wuyan jaki a haɗe yake. Na akuya a haɗe. Na buɗe gaba, na buɗe baya, na ciro wani daga wani kwalin. Ko zare ɗaya babu.

Ɗiyata ta kira mai bugawa, ta buɗe muryar waya ina ji. Bawan Allah da murnarsa ya fara bayani. Ya ce ya ga hannun tsoho yana tsallake layi a wuya, kuma in an zuba launi a kwamfuta ta nan yake tsiyaya ya ɓata shafi, shi ya sa ya kwashe kwana uku yana toshe su ɗaya bayan ɗaya, bai ma sa a lada ba. Da aka faɗa masa dalili ya yi ta salati yana ba da haƙuri. Ban ji haushinsa ba. Gyara ya yi niyya. Sake bugawa kuwa babu hali.

Ita mai rubuta mini ta ce in faɗi wannan yadda ya faru, to ga shi. Ɗiyata ta ce, "Inna, idon Baba Alhaji ya yi rauni. Mu gyara guda biyu uku mu nuna mashi, sauran su tafi."

Na ce, "Alhaji mun rufe mashi ido. To mai sunan da ke jikin bangon littafin fa?"

Ta sunkuyar da kai, muka yi kukanmu tare.

Washegari na buɗe akwatin kayan aikin Malam, na sami ɗan gwangwanin farin fenti na ruwa. Buroshinsa ya ƙi zama a hannuna, ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba. Sai na tuna ɗan tsinken da nake sa kwalli da shi, yana ajiye tun da na shiga takaba. Shi dai hannuna ya san shi. Na wanke shi na tsoma a fenti na ja a wuyan jaki. Ya fito kamar an naɗa masa bandeji.

Ina cikin wannan maƙwabciyata mai ƙunshin lalle ta shigo gaishe ni. Ta leƙa ta ce, "Iya, wa ya kai telan naku asibiti?" Na yi dariya, rabona da ita tun ranar Talatar nan. Ta zauna ta ƙara wa fentin ruwa, ta nuna mini in kafa ɗan ƙaramin yatsa a takarda, in riƙe numfashi, in ja sau ɗaya ba komawa. Kafin azahar zarena ya fara kama da na Malam.

Aikin ba ya sauri. Shafi ɗaya ake yi a bar littafi a buɗe ya sha iska, a danne da dutse, a koma kan wani. Tsakar gida ta cika da littattafai a baje kamar ana shanyar kuɓewa. Mai lalle ta jawo mata biyu. In sun sallami yara makaranta su zo, kowa da tsinkenta. Ɗaya ta ce zabuwar nan mai kitso ta san ta, har gidan da take. Mai lalle ta ce mata ta bar zancen zabuwa, ta dubi yadda akuya ke riƙe ƙugu sannan ta dubi matar gidan nan. Ranar da ba makaranta ɗiyata takan karanta mana abin da ke cikin zagayen. Wasu shafukan Malam bai kai ga karanta mini ba. Akwai inda jaki ya kwanta ciwo, akuya ta kashe wutar ƙosai da rana tsaka ta dama masa kunu, tana yi masa faɗa tana fifita shi. A nan na tashi na shige ɗaki, ranar ban ƙara jan zare ba.

Mako uku muka yi. Na bi kowane littafi da idona, sannan na aika a gaya wa Alhaji abin da ya faru duka, ban ɓoye komai ba.

Ya zo da safe. Ɗiyata ta miƙa masa wanda ya fi kyau, ya ƙi karɓa, ya sa hannu can ƙasan kwali na uku ya zaro nasa. Ina bayan labule ina jin ƙarar takarda. Can sai ta tsaya. Ya ce ɗiyata ta matso. A wani shafi, a jikin bango bayan keken ɗinki, akwai ɗan ƙadangare da bai kai tsawon farce ba, da hularsa da carbinsa. Wuyansa a haɗe. Mu biyar, babu wadda ta gan shi, a kowane littafi kuwa yana nan. Aka ɗauko takardar Malam ta asali, ga zarensa nan ya bari, ni ce ma na duba masa ita yana da rai.

Na san Alhaji ba ya magana biyu. Na ce, "Yaya, laifina ne. A ba ni kwana uku."

Ya tambayi ɗiyata mi ƙadangaren ke cewa, don rubutun ya yi masa ƙanƙanta. Ta karanta masa: yana gyaɗa kai yana ce wa jaki ya rage surutu ya kama aiki.

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga gare shi ba, na ɗauka tari ne. Dattijon nan kuka yake yi. Da ya sami kansa ya ce kalmar da yake faɗa wa Malam ke nan tun yana yaro, kullum, har ya yi furfura bai daina faɗa masa ba. Ya ce, "Ashe nan ya ajiye ni, ja'irin."

Sannan ya tambaya da mi muke jan zaren. Na miƙa tsinken da gwangwanin ta ƙarƙashin labule. Na farko ya karkace masa, na biyu ma. Ɗiyata ta ce ya bari ta yi, ya ce kada wanda ya taɓa masa ƙadangarunsa.

Kwana biyar yana zuwa daga Kambarawa bayan ya karya, ya zauna a zaure da kwali a gabansa har a kira azahar. Da ya gama na ƙarshe ya ɗaure kwalayen da kansa, ya ce wa ɗiyata ta kai su inda babanta yake kaiwa.

Ni ban san wane malami ne ya fi gaskiya a wannan magana ba, ba ilimina ba ne. Abin da Malam ya tsare da ransa shi muka tsare masa, sauran na bar wa Mai rahama. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.