Mika'ilu, Ka Tafi Ban Janye Maganata Ba

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, goma sha biyu ga Agustan 2025, ina cire ciyawa a gonar shinkafarmu ta bakin kanal ɗin ban-ruwa a Bunkure, matarka Nafisat ta kira ni. Ta ce ka dawo daga aiki da hantsi kana cewa kanka yana sarawa, ka kwanta, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Shekararka arba'in da bakwai, Mika'ilu. Ni da na girme ka da tara, ga ni ina rubuta ta'aziyyarka.

Ga wanda bai san shi ba, ƙanena ma'aikacin hasumiyar filin jirgin sama ne, tafiyar awa uku daga gida. Yana cikin masu gaya wa matuƙa wa zai sauka, wa zai dakata, wa zai tashi. Mu dai a gida ba mu taɓa gane aikin ba. Innarmu in an tambaye ta sai ta ce, "Hira yake yi da jirage." Mu kuma muna tsokanarka cewa ka guje wa laka, ka haye bene kana shan sanyi.

Amma ba ka guje mu ba. Kullum kafin ka karɓi aiki kana duba rahoton yanayi, in ka ga ruwa yana tafe wajenmu sai ka bugo mini. Ba na manta shekarar da muka baza shinkafar rani a tamfol, sama tas, ka kira sau uku ka ce a kwashe. Maƙwabcinmu Isiyaku ya ce shi ba zai bi maganar mutumin da ke kallon hadari ta gilashi ba. La'asar ba ta yi ba ruwa ya kece. Tun daga ranar, ko wanki Isiyaku zai shanya sai ya tambaya ko ka yi waya. In ka zo hutu kuma sai ka naɗe wando ka shiga dashe tare da mu. Layinka a karkace yake fita, muna bari sai ka tafi mu gyara. Ba mu taɓa gaya maka ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro. A daminar 2018 Inna ta rasu bayan sallar asuba. Ta sha faɗa a gabanmu cewa kai take so ka sa ta a kabari. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba, na tura saƙo. Muka jira har azahar, liman yana dubana, hadari yana haɗuwa, masu haƙa suna tsoron ruwa ya cika ramin. Muka binne ta ba kai. Da ka iso dab da magariba, a jiƙe, na tare ka a zaure gaban jama'a na ce, "Ka zaɓi jirgin baƙi a kan uwar da ta haife ka." Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ka yi haƙuri, Yaya." Iyakar abin da ka ce ke nan. Shekara bakwai muna gaisawa, muna cin abinci a kwano ɗaya, ni ban janye ba, kai ba ka yi bayani ba. Kowa a Bunkure ya san zafin kaina, har ni kaina na san shi.

Ranar jana'izarka mutum ɗaya ne ya zo daga wurin aikinku, Malam Dattijo. Dangi suka fara gunaguni, ni ma raina ya sosu. Washegari a kan tabarmar zaman makoki na tambaye shi ina sauran. Ya ce, "Yaya Badamasi, mu bakwai ne a wurin da ya kamata a ce mun ninka haka. Yanzu mun koma shida. In biyu suka taho, wani zai wuni ya kwana a kujera ba mai karɓarsa."

Sannan ya ba ni labarin ranar rasuwar Inna, don yana gefenka, lokacin bai kai matsayin magana da matuƙa ba. Ya ce ka ga saƙona wajen ƙarfe tara, da ka miƙe shan ruwa. Wanda zai karɓe ka ambaliya ta tare masa hanya. Iska da ruwa sun rufe titin jirgi, jirage huɗu suna zagaye a sama, matuƙin ɗaya yana cewa mansa ya yi ƙasa. Ka kife wayar, ka mayar da na'urar sauraro kunnenka. "Wallahi hawaye yana zuba a fuskarsa," in ji shi, "amma muryarsa ba ta yi rawa ba." Wasu jiragen suka ci gaba da zuwa, sai bayan ƙarfe biyu jirgi na ƙarshe ya taɓa ƙasa. Daga baya Malam Dattijo ya tambaye ka don me ba ka gaya mini ba, ka ce, "Yaya yana da gaskiya, uwa ɗaya ce. Amma da na tashi, gidaje ɗaruruwa ne za su shimfiɗa tabarma."

Na yi kuka a gaban baƙo, ban ji kunya ba. Ya ƙara da cewa ka rubuta takarda ta fi a ƙirga kana roƙon a ƙara muku mutane, kuma makon da ka rasu kwana uku kana haɗa aikin mutum biyu cikin hadari. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma ina roƙon masu iko da wannan aiki su duba. Ko mai tsare ƙofar ruwa a kanal ɗinmu muna sa masa mai canjinsa.

Can na lura Malam Dattijo yana satar kallon agogo, yana jin nauyin tashi ba a yi addu'a ba. Na ɗauko babur da kaina na kai shi bakin titi a Kura, na ce, "Tafi, akwai wanda yake jiran ka karɓe shi."

Ya Allah Ka jiƙan Mika'ilu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa rayukan da ya tsare su zama nauyi a mizaninsa, Ka haɗa shi da Inna a Aljanna. Nafisat, ke da 'ya'yanki Amiru da Adama, Allah Ya ba ku haƙuri, gidana gidanku ne. Mutum shidan da suka rage a hasumiya, Allah Ya ƙarfafe ku.

Kai kuma ƙanena, a gaban mutane na faɗi maganar nan, shi ya sa nake janye ta a gaban mutane. Ban yi maka adalci ba. Na makara, amma ka yafe ni.

Yayanka,
Badamasi Tambaya, Bunkure