Ƙashin da Aka Ce Ya Cinye

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon kitso a Tumfure, ciwon wuya ya sa ni a gaba. Duk wadda ta san kitso ta san zaman: mai kai tana ƙasa kan tabarma, ke kina sama a sunkuye tun safe har la'asar. Da farko in na shafa man zafi sai ya lafa. Daga baya ya daina jin magana. Ya riƙe min ƙeya, ya sauko kafaɗa. Na sha maganin kemis har cikina ya fara ƙorafi, an yi min ƙaho, na samu sauƙin kwana biyu, ya dawo abinsa.

Da na gaji sai na je aka yi min hoton ƙashi. Mutumin da ya miƙo min hoton ya ɗaga shi wajen taga, ya girgiza kai, ya ce, “Kai, Madam! Ai ƙashin wuyanki ya cinye.” Shi ke nan abin da ya faɗa, ya kira na bayana.

Ni kuwa na ɗauki maganar nan yadda take. Ya cinye. Na riƙa hango shi kamar ƙafar kujerar da gara ta ci, saura ƙiris ya ɓalle. Na sayi kwalar wuya na ɗaura, na rufe shago. In an kira ni, da jikina gaba ɗaya nake juyawa. In na hau keke zuwa cikin gari, hannu biyu nake tallabe kaina, kowane rami sai na kira sunan Allah. Haka na yi kusan shekara biyu, ciwon kuma kullum ƙaruwa yake.

Ba shagon ne ya fi damuna ba. Mahaifiyata ce. Tana Herwagana, kuma tun ina 'yar sakandare ba wanda ke taɓa kanta sai ni. Duk Asabar ta biyu nake zuwa in tsefe, in wanke, in yi mata shuku na zuwa coci. Da na daina, na ce bari in turo mata wata. Ta ce, “Ke dai ki ji da wuyanki. Kaina ba ya son baƙon hannu, zai jira.” Duk zuwan da zan yi, ɗankwali ne ɗaure tam har goshi. Ni kuma ina fama da kaina, ban taɓa cewa ta buɗe in gani ba.

A ƙarshe wani likita ya tura ni sashen gashin ƙashi. Na tafi da tunanin za su kunna min fitila su gasa wurin in dawo gida. Matar da ta karɓe ni ta gwada ƙarfin hannuwana, ta tambaya ko yatsuna suna mutuwa, na ce a'a. Ta duba hoton, sannan ta ce in cire kwalar. Na ce mata Anti, ki rufa min asiri, ƙashin ya cinye fa. Ta ce, “Wa ya cinye shi?”



Ta zaunar da ni ta ce abin da ke hoton nan kamar furfura ne, tana zuwa da shekaru, mutane da yawa suna da shi ba sa ma jin komai. Ta ce zafi ba kullum yake nufin wani abu yana karyewa ba. Wuyan da aka ɗaure aka hana motsi yakan sandare, ya tsorata, har ɗan motsi kaɗan ya zame masa abin ihu. Haushi ya kama ni, na ce wato ƙarya nake? Ta ce, “Ko kusa. Ciwonki gaskiya ne. Ƙashin ne dai yana nan lafiya.”

Aikin da ta ba ni har kunya yake ba ni. In ja haɓa baya, in waiga dama, in waiga hagu, in ja wata roba da kafaɗa. Kullum, ko ina so ko ba na so. Wasu ranakun ciwon ya tashi, in koma mata ina mita, ta rage min, mu ci gaba. Ta ce in na koma kitso mai kai ta hau kujera, ni kuma in riƙa miƙewa bayan kowane layi uku. Wata biyar muka yi a haka. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya daina mulkina.

Wata Asabar na saka mataji da mai a jaka, na hau keke zuwa Herwagana, hannuwana a kan cinya. Na shiga ina murna, na ce, “Mama, kawo kan nan.” Can ta kwance ɗankwalin. Babu gashi. Ta aske shi tas, sai ɗan fari-fari da ya fara tsirowa.

Ta ce, “Ya dunƙule ne tun bara, mataji ya ƙi shiga. Ban so ki sani ki ce za ki sunkuya.”

Na zauna da mataji a hannu na yi kuka mai isata.

Har yau in wuyan ya motsa nakan yi atisayena, in sha ruwa, in ci gaba da aiki. Ba na riƙe mai hoton nan a raina, a wurinsa magana ce kawai ta bakin aiki. Amma na koyi tambaya: in an faɗa min kalma a asibiti, ba na tashi sai an fassara min ita. Gashin Mama ya fito, sai dai bai ƙara kai tsawon shuku ba. Duk Asabar ta biyu ina zuwa, in shafa mata mai, in taje ɗan abin da ke akwai.