Saƙon Hajiya Dije Zuwa Fassi

Litinin: Kano zuwa Rano

Ana idar da sallar asuba yayana ya sauke ni a tasha. Digiri na biyu nake yi, ina bincike a kan ƙawancen matan manoma da matan Fulani masu tallar nono. Malamina ya riga ya faɗa mini gaskiya: in ban kawo muryar mutane ba, ba zai sa hannu a kundina ba, sai dai in ƙara shekara.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito. Bayan Bunkure aka tsayar da mu a shinge, wani jami'i ya ga rakodata yana jujjuya ta.

"Ke 'yar jarida ce?"

"Ɗaliba ce, yallaɓai."

"Allah ya ba da sa'a. Direba, wuce."

Da hantsi muka shiga Rano, na sauka a gidan Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina. Muna cin tuwon dawa da miyar kuka ta ce in dai ƙawance nake nema, in je Rurum wajen Hajiya Dije mai daddawa.

Talata: Rurum

Babur na hau zuwa Rurum Tsohon Gari, ta cikin gonakin da aka fara yankan dawa. Na tarar da Hajiya Dije a tsakar gida tana shanya kalwa. Da na ambaci abin da ya kawo ni, fuskarta ta sauya.

"Kashe abin nan tukuna, 'yar nan."

Na kashe rakodar. Ta ce tana da ƙawa Bafulatana, Inna Dudu, tun suna amare. Da ta haifi ɗanta Sani ta kwanta ciwo, Inna Dudu ce ta shayar da shi tare da nata ɗan, Buba. Bara waccan shanun Buba suka shiga gonar Sani, magana ta kai gaban mai gari, aka yi baƙaƙen maganganu. Buba ya tayar da rugarsu suka koma Fassi. Tun daga nan ko gaisuwa.

"Matar Sani ta haihu, Juma'a suna," in ji ta. "Ƙafafuna ba sa kai ni. Za ki kai mata saƙo?"

Tambaya na zo yi, ba sulhu ba, kuma ina tsoron in ɓata abin da ban san farkonsa ba. Amma ta riga ta ƙulla daddawa a leda ta ɗora mini a cinya.

Laraba: Kibiya da Fassi

Daga Rano na shiga mota zuwa Kibiya, daga nan babur. Mai babur ɗin ya yi ta tambaya a hanya har aka nuna mana rugar, can bayan gari.

Inna Dudu doguwa ce siririya, tana kaɗa nono a gora. Na gaishe ta, na miƙa mata ƙullin. Ta kwance, ta sansana.

"Dije tana da rai?"

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Ta ce Juma'a sunan jikarku."

Buba yana gefe yana gyaran igiyar maruƙa. Ya ce, "Inna, mutanen da suka tsayar da ni gaban jama'a kamar ɓarawo?"

"Kai da Sani kuka yi faɗa," ta ce a hankali. "Ni da Dije me muka yi? Kuma nono ɗaya kuka sha, ko ka so ko ka ƙi."

Ya tashi ya bi shanu. Ita kuwa ta ce in kunna rakoda. Har la'asar tana ba ni labari, rabi Hausa rabi Fulatanci, wani wajen dariya, wani wajen hawaye. Na koma Rano ban san ko za ta zo ba.

Juma'a: Rurum kuma

Gida ya cika da mata, ana rabon waina. Hajiya Dije ba ta ci komai ba, idonta na kan ƙofa. Wajen azahar muka ji babur ya tsaya. Inna Dudu ta yi sallama, ƙwaryar man shanu a kanta. Tsofaffin nan biyu suka riƙe juna.

Na leƙa waje. Buba ne ya kawo ta, amma ya ƙi sauka daga kan babur. Can sai ga Sani ya fito da tabarma ya shimfiɗa a inuwar darbejiya.

"Ka sauko mana, rana ta yi zafi."

Buba ya kafe babur ɗin ya cire takalmi.

Asabar: Gida

Kafin magariba na iso Kano lafiya, da hirar tsofaffin biyu a rakodata, da izininsu. Na gode wa Allah, na gode wa Gwaggo Talatu da ta nuna mini hanya. Da na kira Rurum in shaida wa tsofaffin na sauka, jikar Hajiya ce ta ɗauka. Ta ce ba za su iya zuwa waya ba yanzu, suna ɗaki suna ta musu a kan wadda jaririyar ta biyo a cikinsu.