Iskar Taki

In tirela ta tsaya a gindin darbejiyar Badaru mai faci, nan bakin titin Birnin Kudu, kafin direba ya gama sallama Badaru ya riga ya ɗauki guntun ƙarfensa yana bin tayoyi, ya ƙwanƙwasa wannan, ya kasa kunne, ya matsa gaba. Wadda ta ƙoshi da iska amonta daban, mai jin yunwa ma nata daban. Bayan nan sai ya ɗora geji ya auna iskar, wai don kada kunne ya yi girman kai. Shekararsa talatin da ɗaya ke nan a kan haka.

Mutumin Kwandiko ne, can ƙasar Gwaram. Da fartanya ya buɗe ido, sai dai gonar gado ta yi wa maza bakwai kaɗan, shi kuwa ba mai son rigima ba ne. Ya fara da facin kekuna ran kasuwar Sara, da famfon hannu da kwanon ruwa. Daga keke ya kai ga babur, daga babur ya kai ga manyan motoci, ya dawo Birnin Kudu da matarsa Jummai. Bai yi kuɗi ba, amma da liba ta cire taya da sholishon liƙe faci ya aurar da 'ya'ya huɗu. Abin da ya tara a duniya bakinsa ne. In ya ce taya za ta kai Maiduguri, to za ta kai. In ya ce ba za ta ga gari na gaba ba, mai hankali sai ya nemi inuwa ya zauna.

Babu wanda ya riƙe wannan baki kamar Ɗan'azumi, direban tirela ɗan Dingaya, sa'an Badaru, mai ɗaukar riɗi da dawa zuwa kudu. Shekara ashirin bai ɗaga da kaya ba sai Badaru ya saurari tayoyinsa.

Ana nan sai ga Abdulnasir, wanda bara gilashin waya yake sayarwa a tasha. Ya dawo daga Kano da wani inji mai koren fenti, ya kafa rumfa a tsallaken titi, daidai saitin darbejiyar, ya rataya allo: ISKAR NAITIROJIN. Duk tayar da ya hura sai ya ɗaura mata koren murfi a bawul, wato bakin hura iska.

Da a wani gari ne, da wataƙila an tambayi mene ne wannan abu. A nan kuwa kowa ya san kalmar, kuma saninta ne ya jawo tsiyar. Direbobin nan duk manoma ne da suka hau mota. Malaman gona sun shekara suna cusa musu cewa ƙarfin yuriya naitirojin ne, shi ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Ga suna, ga kuma koren murfi, me ya rage? Kafin sati ya zagayo an raɗa wa abin suna iskar taki. Aka ce taya tana ci tana ƙiba. Wani mai a-kori-kura har ya rantse cewa tayarsa da ta suɗe kamar tafin hannu ta fara tofo zane. Abdulnasir bai taɓa cewa haka ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba haka ba ne, murmushi kawai yake yi, kuma wannan murmushin ya fi ƙaryar ƙazanta.

Abin ya dami Badaru. Ranar da Malam Isma'il, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya kawo babur ɗinsa faci, sai ya tare shi.

"Malam, don Allah ka fidda ni duhu. Taki ne a cikin tukunyar injin yaron nan?"

Malam Isma'il ya yi dariya har da tari. "Baba Badaru, iskar da kake shaƙa yanzu, kusan kashi huɗu cikin biyar naitirojin ce. Injinka ma ita yake hurawa. Tasa dai an tace ta, ba ta da laima, kuma tana ɗan jinkirin sauka."

"In ƙusa ta shiga fa?"

"Ƙusa ba ta san bambanci ba."

"To ashe ba cinya ba ce, ƙafar baya."

Badaru ya faɗa wa duk wanda ya tsaya wannan bayani, amma masu tsayawar sun ragu, waɗanda suka saurara kuma suka ce hassada ce ta tsufa. Ba raguwar ciniki ce ta fi ɓata masa rai ba, don faci dai dole a zo wurinsa, Abdulnasir ko liba bai iya riƙewa ba. Abin da ke tayar masa da zuciya shi ne, duk wanda aka ɗaura wa koren murfi ya daina auna taya. Ka ɗauko geji, sai a ce maka, "Bar ta, mai taki ce, ba ta sauka." Ƙatti masu gemu, masu iyali, da tan talatin a bayansu, sun sallama rayukansu ga murfin roba. Badaru ya ji ƙyamar abin ƙwarai, har in ya ga koren murfi sai ya kau da kai kamar ya ga mushe.

Duk da haka yana cewa a ransa, ai Ɗan'azumi ba zai bi yarima a sha kiɗa ba. Sai ga shi wata safiya ya ga jar tirelar da ya sani kamar ɗakinsa ta faka a tsallake. Ɗan'azumi ya ɗago masa hannu daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa surukin da ake gudu. Badaru bai ci abincin da Jummai ta aiko ba ranar.

Wata biyu bayan nan, tsakiyar bazara, kwalta na narkewa, jar tirelar ta shigo da rana tsaka tana ɗingishi. Tayar baya ta ciki ta yi raga-raga tun wajen Sara, safaya kuma ta sace. Wannan karon gindin darbejiya ta tsaya.

Badaru ya juya gawar tayar, ya shafa cikinta, ya zaro ƙusa mai tsawon ɗan yatsa, ya ɗora a tafin Ɗan'azumi.

"Ga ta nan. Ta yi kwanaki tana shan iskar a hankali. Taya ta yi laushi, ta ɗau zafi, ta fashe. Da an auna da an gani."

Ya zaci gani ya kori ji. Ɗan'azumi ya juya ƙusar, ya jefar, ya girgiza kai.

"Badaru, kai fa ka daɗe da barin gona. Wa ya taɓa zuba yuriya da rani, ƙasa ba laima, shuka ba ta ƙone ba? Takin ne ya yi mata yawa. Laifina ne."

Badaru ya dube shi. Ya duƙa ya yi wa safayar faci, ya hura ta, ya gwada da ruwan sabulu, ba kumfa ko ɗaya.

"Madalla," in ji Ɗan'azumi. "To sace taka iskar duka, kada ta gauraya. Zan gangara da ita wajen yaron, amma wannan karon rabin awo zan ce ya sa. Sauran tayoyin ma a rage musu, sai damina ta sauka."

Nan Badaru ya yi zumbur ya miƙe. Rabin awo, da lodin riɗi har sama, a kan wannan kwalta. Ya yi bayani, ya rantse, ya kira sunan Malam Isma'il. Ɗan'azumi sai murmushin haƙuri yake yi, yana tura tayarsa. Badaru ya tsallaka titi a bayansa, karo na farko da ƙafarsa ta taka rumfar nan. Direbobin da ke layi suka zuba masa ido.

Badaru ya san gaskiya ba za ta shiga ba, ya gwada ta har ta ƙare. Sai ya ce:

"Ɗan'azumi, ba yawa takin ya yi ba, kaɗan ya yi. Shukar da ba ta ƙoshi ba ita rana ke fara kashewa. A cika mata, ɗari da goma a geji, kowace taya. Kuma taki yana son a riƙa dubawa, duk tafiya a auna."

Fuskar Ɗan'azumi ta washe. Abin da shekara ashirin ta amana ta kasa yi ɗazu, wannan shirmen ya yi shi nan take.

"Abdulnasir, ka ji abin da Baba ya ce, ɗari da goma." Sannan ya juya ga 'yan layi yana dariya. "Ba na faɗa muku ba? Ga Badaru da bakinsa ya ce taki ne."

Wani ya ciro waya ya fara kiran ɗan'uwansa a Gwaram yana ba shi labari. Abdulnasir ya jawo kujera da ladabi ya ce, "Baba, zauna mana." Badaru bai zauna ba. Ya tsaya a rana har aka cika taya ta ƙarshe, yana duba geji da idonsa, sannan ya tofar da yawu ya koma tsallake. Kafin la'asar layin Abdulnasir ya kai gidan mai.